Hukuncin Tausa Da Sharuɗɗanta

Tambaya: Manoma a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kan nemi tausa bayan wahalar huɗa ko girbin masara. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, ka sani tausa halal ce, domin nau'i ce ta magani. Tana sassauta jijiyoyi, tana rage ciwon baya, tana kawo barci. Shafa man kaɗanya ko man zaitun a fata ba ya karya azumi.

Amma ka kiyaye sharuɗɗa. Namiji ya tausa namiji, mace ta tausa mace, sai miji da mata. Ka rufe al'aurarka, daga cibiya zuwa gwiwa, domin hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Sahihu Muslim ya hana namiji kallon al'aurar namiji, haka mace ga mace. A mazhabar Malikiyya, shafa da sha'awa tana warware alwala. Ka guji mai haɗa tausa da surkulle.

Kada a tausa karaya, rauni, ko ƙafar da ta kumbura tana zafi. Wannan aikin asibiti ne. Mai juna biyu ta fara tambayar likita.

Allah ne Mafi sani.