Daga Sunan Dillali Zuwa Lambar NAFDAC: Tarihin Yarda da Abincin Saye

A watan Janairu na shekarar 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya shiga birnin Kano, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gane masa a babbar kasuwar birnin. Daga cikin abubuwan da ya bayyana akwai wuraren gashi kusa da mahauta, inda ake hura wuta a kewaye ta da tsinkaye, an soke musu ƙananan yankan nama da kitse. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san tsire ake nufi. Ke nan abincin da ake saye a ci a tsaye, wanda a yau ake kira abincin gaggawa, ba Turawa ne suka koya mana shi ba. Abin da ya sauya a cikin shekaru ɗari biyun nan shi ne dalilin da ke sa mutum ya miƙa kuɗinsa, ya karɓi abin da bai ga dafuwarsa ba, ya kai baki da bisimilla.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen da ba su san algus ba. Baturen nan ya ce mahautan Kano kan hura nama don ya yi kumari, har wani kan liƙa gashin tunkiya a cinyar akuya domin wanda bai sani ba ya saya a matsayin naman rago. Sai dai ya ga wani abu da ya ba shi mamaki. Idan aka sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, aka tafi da shi har Barno, aka buɗe aka tarar ba shi da kyau, to akan maido shi Kano, domin an rubuta sunan dillalin a cikin ƙunshin, kuma dole ya nemo mai kayan a mayar da kuɗi. A kan tufa ya faɗi haka, amma a ganina ruhin cinikin abinci ma ke nan a wancan zamani. Akwai Sarkin Kasuwa, akwai Sarkin Fawa da ke sa ido a kan abin da ake yankawa. Yarinyar da ta ɗauko tallan fura ko ɗanwake kuwa, kowa a unguwa ya san gidan da ta fito. Idan ciki ya ɓaci an san ƙofar da za a yi wa sallama, ita ma matar da ke cikin gidan ta san haka tun kafin ta ɗora tukunya. Suna da kunya su ne jarin mai abinci.

Da Hausawa suka gangaro kudu, da wannan jari suka zo. An kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahautan gari shanu bashi bisa lamunin maigida, ba takarda ba kotu. Tsiren da mutanen kudu ke kira suya daga wannan silsila ta sanayya ya fito.

Burodi ne ya fara tsinka silsilar. Kamfanin Flour Mills ya buɗe injin niƙan alkama a Apapa a 1962, kuma da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970 sai burodi da shayi suka zama karin kumallon leburori da ɗalibai da direbobi. Alkamar kuwa a wancan lokaci mafi yawanta daga Amurka ake kawo ta. Masana biyu, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, sun fitar da littafi a 1985 suka kira wannan hali tarkon alkama. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita a 1987 da nufin a noma ta a gida, a wurare irin su Kadawa, amma zuwa 1992 an janye hanin, domin baki ya riga ya saba. Mai shayin bakin tasha dai ka san shi, wataƙila har ka san garinsu. Amma shi bai san mai gidan burodin ba sai a leda, mai gidan burodin bai san mai niƙa ba, mai niƙa bai taɓa ganin manomin ba.

A kan wannan fulawa aka gina gidajen abincin zamani. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Marina ta Legas a 1986, Tantalizers ya biyo a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC kuma ta iso Legas a 2009. Ya kamata a yi musu adalci. A garin da kwata ke gudana a gefen mai tuwo, ƙudaje na bin kwano, waɗannan gidaje sun kawo gilashi da firji da ma'aikata masu hula da rigar aiki. Ɗalibin da ya taɓa kwanciya da taifot ba za a zarge shi ba idan ya ga tsafta ya bi ta. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki tsafta da lafiya abu guda. Soyayyar kaza da dankali da lemon kwalba ba lalle su ba ka gudawa gobe ba, nasu aikin a hankali suke yi, ta hanyar mai da gishiri da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokali ke nan, ita kuwa kwalbar lemo mai santilita 35 takan ɗauki sukari kimanin giram 35. Wannan ya sa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka. Hawan jini da ciwon sukari ba su da ƙofar da za a je a yi wa sallama.

Da sanayya ta gagara, sai hukuma ta shigo ta maye gurbin dillali. Bayan mutuwar yara masu yawa a Jos da Ibadan a 1990 sakamakon gurɓataccen ruwan maganin zazzaɓi, an kafa NAFDAC da doka ta 15 ta 1993. Talaka bai san da ita sosai ba sai a zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙenta a kan burodi ne. Akwai wani sinadari, buromet, da masu burodi ke zubawa a kwaɓi don ya kumbura ya yi laushi, fulawa kaɗan ta ba da burodi mai cika ido. Tun a shekarun 1980 masu bincike a Japan suka gano yana haddasa ciwon daji a ƙodar ɓeraye, Ingila kuma ta hana shi a 1990. Aka rufe gidajen burodi, aka cika rediyo da gargaɗi, har ledoji suka fara ɗaukar rubutun cewa babu buromet a ciki. Wannan shi ne hura naman da Clapperton ya gani, ya dawo da sabuwar riga. Lambar NAFDAC kuwa ita ce sunan dillali a cikin ƙunshi, illa dai lamba ba ta jin kunya, kuma duk mai injin ɗab'i yana iya buga ta.

A yau ana ta kiran a koma ga abincin gida, kuma kiran yana da hujja. Fura da nono, dambu, kwaɗon zogale, alale, faten acca, duk sun fi farar fulawa riƙe ciki da gina jiki, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Ni ma da za a tambaye ni, ƙosai da koko zan zaɓa a kan abin da ke cikin gilashi. Amma wanda ya ce komawar ta wadatar bai bi labarin wake ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, a 2018 kuma aka yi ta cece-ku-ce da aka ga 'yan kasuwa na yayyafa wa wake Sniper don kada ya lalace a buhu. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon haɗi da aka sa wa wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Masu haɗa lemon maƙwabta ne, an san su, an san gidajensu. Buhun da suka ɗebo garin ne babu wanda ya san asalinsa.

To haka ɗalibin da ya fita ƙofar jami'a da yamma yake tsayawa gaban mai ƙosai. Yana ganin fuskarta, yana ganin launin man da ke kasko, yana iya cewa ta sauya shi idan ya yi baƙi, wannan kuwa dama ce da ba shi da ita a gaban kanta. Waken ne ba ya gani. Kwanan baya na raka wata gwaggona kasuwa, na ga ta wuce buhun wake fari tas mai sheƙi, ta tsaya a kan wani da ke da 'yan huji, ta tona da hannu har ƙwaro ya fito yana tafiya. Da can irin wannan wake shi ake rage wa kuɗi. Ta sa aka auna mata mudu uku, ba ta ko nemi ragi ba.