Gano Yanayin Girgizar Gine-gine ta Hanyar Awo

Gano yanayin girgizar gine-gine ta hanyar awo fanni ne na aikin injiniya da ake bi don sanin yadda gada, dogon bene ko hasumiyar ruwa ke motsi, ba tare da an girgiza ginin da gangan ba. Iska, wucewar motoci da tafiyar jama'a su ke motsa shi. Injiniyoyi kan manna ƙananan na'urori a jikinsa su ɗauki motsin, kwamfuta kuma ta fitar da abu uku: sau nawa ginin ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, siffar lanƙwasarsa yayin kaɗawar, da saurin lafawar girgizar.

Idan siminti ya tsage ko ruwa ya zaizaye gindin ginshiƙi, ginin yakan yi laushi, yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya ya ragu. Ta haka ake hango lahani tun ido bai gan shi ba.

Fitaccen gwaji shi ne na gadar Z24 a Suwizalan. An auna ta kusan shekara guda daga 1997 zuwa 1998, aka yi mata lahani da gangan kafin a rushe ta. An gano cewa tsananin sanyi yana ƙara mata tauri, don haka dole a bambanta tasirin yanayi da lalacewa ta ainihi.

Fannin ya dace da gadojin Gulbin Maradi da babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, inda ambaliyar damina ke cin gindin gada, domin ana yin awon ba tare da an tare hanya ba.