Kurman lamba a rabon gado

A garin Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan kuma ya rasu a 1837. Tun wancan zamani har yau, da fiƙihun Malikiyya ake raba gonakin fadamar Rima, daga Wurno zuwa Goronyo, haka ma a Rabah. A wannan fage ne malamanmu suka daɗe suna karo da lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu.

Ga misali: mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya mata biyu. Miji yana da rubu'i, uwa sudusi, 'ya'yan kuma sulusi biyu. Idan aka yanka dukiyar gida 12, miji ya ɗauki 3, uwa 2, 'ya'ya 8, jimilla 13 ke nan, wato hakkoki sun fi dukiyar yawa. Maganin da aka bi tun zamanin Halifa Umar shi ne auli: a mai da asalin rabon 13, kowa ya ɗan rage. Ta wannan hanya 6 kan koma 7, 12 kuma ta kai har 17.

Sunayen kaso da muka aro daga Larabci sun tsaya a ushiri. Lamba irin 11 ko 13 ba ta da rabi, ba ta da sulusi, shi ya sa masana hisabi suka kira ta asammu, wato kurma.

To, yaya ake gane ta? Alƙalumanta kan ba da haske. In ta wuce 5, dole ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9, kuma jimillar alƙalumanta ba za ta rabu da 3 ba. Amma wannan rairaya ce kawai. Dubi 1837: ta ƙare da 7, jimillarta 19, duk da haka 11 sau 167 ce. Ibnul Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya taƙaita aikin: a gwada raba lambar da marasa rabuwa, a tsaya idan mai rabawar, an ninka ta da kanta, ta zarce lambar.

Mai rabon gado da ya yi sakaci a wannan lissafi, kuskurensa kan faɗa kan gonar maraya.