Sinadaran da ke danne wani dutse don wani ya taso

A yau shirin zai ya da zango ne a birnin Riyad, inda hedkwatar kamfanin haƙar ma'adinai na Saudiyya, wato Ma'aden, take tun kafa shi a 1997.

A mahaƙar Mahd adh Dhahab da aka sake buɗewa a 1988, zinariya ba ta zuwa ita kaɗai. Tana cuɗe ne da tagulla da tutiya da dalma, kowanne ɗaure da farar wuta a cikin dutse guda. Shi kansa kwallin gargajiya da iyayenmu mata ke sawa, galibi dalma ce haɗe da farar wuta. To, yaya ake raba waɗannan 'yan ɗaki ɗaya?

Labarin ya samo asali ne daga garin Broken Hill na ƙasar Ostareliya. A farkon ƙarni na 20 an tara tsibin dutsen da aka cire wa dalma da azurfa, ga tutiya jingim a ciki, amma an rasa yadda za a fitar da ita. Nan ne aka inganta dabarar kumfa: a niƙe dutse ya zama gari, a dama shi da ruwa, a zuba sinadarin da zai sa ƙwayoyin ma'adinin su ƙi jiƙa, sannan a hura iska. Sai su manne wa kumfa su taso sama a yaɗe su, tsakuwa kuma ta kwanta a ƙasa. Kamar dai shiƙar hatsi ce, sai dai a cikin ruwa.

To amma fa kumfa ba ta san zaɓe ba, duk mai farar wuta sai ta kwaso shi. Masana'antar narka ƙarfe kuwa takan rage wa mai kaya kuɗi in ta ga gauraye. Wannan ne ya sa aka shiga neman sinadarai masu danniya, waɗanda za su sa wani ma'adini ya ci gaba da jiƙa ya zauna a ƙasa, ɗan'uwansa ya tashi.

A 1913 Leslie Bradford ya nuna a Broken Hill cewa iskar farar wuta tana danne tutiya, ta bar dalma ta taso. A 1922 Sheridan da Griswold a Amurka suka yi rajistar amfani da sinadarin sayanaid don wannan aiki. Ita kuwa ƙonanniyar farar ƙasa, aikinta shi ne danne pairait, dutsen nan mai ƙyalli kamar zinariya amma ƙarfe ne kawai da farar wuta.

Har yau bi-da-bi ake yi. Da farko a danne tutiya a kwashe tagulla ko dalma, daga nan a zuba wani gishirin tagulla da zai farkar da tutiyar, ita ma ta hau kumfa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sayanaid guba ne mai kisa, kuma a ƙasa irin Saudiyya da ba ta da kogi mai gudana duk shekara, ruwan masana'anta abin tattali ne da ake sake juya shi. Shi ya sa masana suka karkata ga gwada sitaci da danginsa a matsayin madadi. Batun na da muhimmanci, domin a shirinta na 2030 da ta ƙaddamar a 2016, Saudiyya ta sanya ma'adinai cikin ginshiƙan rage dogaro da man fetur.

Mu ma da ke da dalma da tutiya a kwarin Binuwai, kuma muka ga yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ya kamata mu san cewa tono dutse somin-taɓi ne, tace shi lafiya shi ne aikin.

Sai kuma mako na gaba idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.