Yadda ake auna amfanin fadamun Kogin Kaduna ga muhalli

Fadamun da ke gaɓar arewa ta Kogin Kaduna, daga Rafin Guza zuwa Malali da Unguwar Rimi, suna ciyar da kasuwannin birnin da kayan lambu. Haka kuma suna shanye ruwan damina, suna rage ƙarfin ambaliya, suna adana sinadarin kabon a ƙasa.

Rahoton da aka fitar a 2005 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya kan alfanun muhalli ga ɗan Adam ya ƙarfafa lissafa irin wannan amfani da alƙaluma. Masana kan kafa zoben ƙarfe a gona, su zuba ruwa, su auna saurin nutsewarsa. Sukan kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji domin gano yawan ruɓaɓɓen ganye da taki, wanda kusan kashi 58 cikin ɗari nasa kabon ne. Hotunan tauraron ɗan Adam kuma kan nuna filin da gine-gine suka cinye.

Wannan awo na da muhimmanci ga masu tsara birni, domin idan fadama ta koma gidaje, ruwan da take riƙewa unguwanni yake nufa. Mazauna Malali sun ga irin ɓarnarsa a ambaliyar 2003.