Tarihin Auna Gudun Ruwa da Hasken Leza

Tun da masana suka soma bahasi a kan yadda ruwa da iska suke gudana, mas'ala guda ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya, watau duk abin da aka tsoma cikin ruwa domin a auna gudunsa, shi kansa yakan karkatar da ruwan, har abin da aka auna ya saɓa wa ainihin abin da ake nema. A shekarar 1732 Henri Pitot, injiniya Bafaranshe, ya tsoma lanƙwasasshen bututu cikin kogin Seine, ya ga cewa gwargwadon ƙarfin gudu, gwargwadon hawan ruwa a bututun, kuma har wa yau da irinsa ne jiragen sama suke sanin saurinsu. Daga baya aka samu siririyar waya mai zafi wadda iska take sanyayawa daidai da ƙarfin kaɗawarta, amma ita ba ta jure harshen wuta, ba ta kuwa rarrabe iskar da ta yi gaba da wadda ta juyo baya.

Asalin mafita yana cikin wata ƙa'ida da Christian Doppler, malamin hisabi ɗan Ostiriya, ya bayyana a birnin Prague a 1842, cewa sauti ko haske, idan abin da yake fito da shi yana kusanto mutum, kaɗawarsa takan ƙaru, idan kuwa yana nisanta sai ta ragu. Shekara uku bayan haka Buys Ballot ya tabbatar da ita a Holan da masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa. Sai dai game da haske, canjin da ruwa mai tafiyar hawainiya zai kawo ƙanƙane ne ƙwarai, alhali hasken fitila cakuɗe yake da launuka masu yawa waɗanda suke binne shi, saboda haka hujja ta zauna fiye da ƙarni guda babu alar da za a auna gudun ruwa da haske bisa ita.

Da aka ƙera leza a Amurka a 1960, ta farko a hannun Theodore Maiman, ta iskar gas kuma a hannun Ali Javan, haifaffen Tehran, da abokan aikinsa, sai aka samu haske tsantsa mai launi ɗaya. A 1964 Yeh da Cummins, a Jami'ar Columbia ta New York, suka zuba ƙananan ƙwayoyin roba cikin ruwa mai bin bututu, suka haska su, sa'an nan suka gauraya hasken da ya dawo da na asali, bambancin da ke tsakaninsu ya nuna saurin ruwan, ba tare da an taɓa shi ba. Hanyar da ta fi shahara daga baya ita ce a raba hasken biyu a gicciya su a wuri ɗaya, inda ratsi-ratsi na haske da duhu suke bayyana. Ƙwayar da ta ratsa sai ta riƙa walƙiya, kuma tun da an san tazarar ratsin, ƙidayar walƙiyar ta isa a fitar da sauri.

A nan ne, a ganina, hikimar al'amarin take, domin haƙiƙa ba ruwan ake aunawa ba, ƙwayoyin da yake ɗauke da su ne, matsayinsu kamar na shaidu a gaban alƙali, waɗanda ba a karɓar maganarsu sai an tabbatar da adalcinsu. Ƙwayar da ta yi nauyi ba za ta bi ruwan a kowace kwana ba, wadda ta cika ƙanƙanta kuma haskenta ba ya isa a gani, shi ya sa zaɓen hayaƙi ko feshin mai da za a saka ya zama babi mai zaman kansa a wannan fanni, wanda Durst da Melling da Whitelaw suka tattara usulinsa cikin littafinsu na 1976. A jikin mai rai kuwa Allah ya riga ya tanadi ƙwayoyin, su ne jajayen ƙwayoyin jini, kuma da su ne Riva da Ross da Benedek suka auna gudun jini a jijiyoyin idon zomo a 1972, kafin likitoci su kai wannan hanya ga idon ɗan Adam da fatarsa.