Wa zai ba Aubameyang ƙwallo? Tarihin Damisoshin Gabon a filin Angondjé

Hanyar da ta tashi daga tsakiyar Libreville ta yi arewa tana bin bakin teku, ta wuce filin jirgin sama na Léon Mba, ta bi ta unguwar Okala, sannan ta sauke mutum a Angondjé. A can ne ƙasar Sin ta gina wa Gabon filin wasa mai cin mutum 40,000, aka raɗa masa sunan abotar ƙasashen biyu. Brazil ce ta zo wasan buɗe shi a watan Nuwamban 2011, ta ci Gabon 2-0 bayan ɗaukewar wuta ta jinkirta tashin wasan. Sau biyu mazauna Okala suka ga ayarin 'yan kallo na bi ta unguwarsu zuwa gasar cin kofin nahiyar Afirka, a 2012 da kuma 2017. Duka biyun Gabon ba ta ɗauki kofi ba, duka biyun kuma Pierre-Emerick Aubameyang ne tauraronta. Amma ƙungiyar farko ta ci wasa uku a jere, ta biyu kuwa ko ɗaya ba ta ci ba, alhali tauraron ya fi ƙwarewa a karo na biyu nesa ba kusa ba.

Bajamushe Gernot Rohr ne kocin Gabon a 2012. Ya karɓi aikin tun farkon 2010, wato ya samu kusan shekara biyu yana gwada 'yan wasa, yana gane wanda zai iya tare hanya da wanda zai iya gudu a gefe. Didier Ovono ne a raga, Bruno Ecuele Manga na jan ragamar 'yan baya, a gaba kuma ga Eric Mouloungui da Stéphane Nguéma da Aubameyang, wanda a lokacin yake ɗan shekara 22 yana wasa a Saint-Étienne ta Faransa. Ba a riga an ɗora masa nauyin ƙasa ba. Ɗaya ne cikin masu gudu, yakan faɗo daga gefe ya shigo tsakiya, masu tsaron baya ba su san ta inda zai ɓullo ba.

Wasan farko, ranar 23 ga Janairu, da Mena ta Nijar aka yi shi, kuma shi ne karon farko da Nijar ta taka fili a wannan gasa. Aubameyang da Nguéma suka zura ƙwallo ɗai-ɗai kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 2-0. Mutanen Maraɗi da Damagaram da suka kalli wasan za su tuna abin da ya biyo baya: aka rage wa koci Harouna Doula iko ana tsakiyar gasa, Bafaranshe Rolland Courbis ya shige gaba, Mena ta koma gida ba maki ko ɗaya. Bayan watanni kaɗan Nijar ta ɗauko Rohr ɗin da ya doke ta, daga baya kuma ya riƙe Super Eagles ta Najeriya daga 2016 zuwa 2021.

Wasa na biyu shi ne ya fi cancanci a tsaya a kansa. Ranar 27 ga Janairu Maroko, ƙarƙashin Eric Gerets, ta riƙe ƙwallo ta hana Gabon sakat, Houssine Kharja ya ci ɗaya a zagayen farko. 'Yan gaban Gabon duk masu gudu ne, kuma mai gudu yana bukatar fili a bayan masu tsaro. Da Maroko ta samu ci sai ta rufe wannan fili, kowace doguwar ƙwallo aka buga gaba sai ta dawo. Da aka dawo daga hutu Rohr ya sako Daniel Cousin, ɗan shekara 34, wanda ya yi wasa a Lens da Rangers da Hull City kafin ya dawo gida ya shiga ƙungiyar Sapins. Cousin ba ya gudu kamar da, amma yana da jiki, yana iya juya wa raga baya ya tare ƙwallo da ƙirji, ya riƙe ta har abokai su iso. Da shigowarsa masu tsaron tsakiya na Maroko suka samu wanda za su yi kokawa da shi, Aubameyang ya samu sarari. Cikin 'yan mintuna, ana saura kusan kwata a tashi, Aubameyang ya farke, Cousin ya ƙara ta biyu. Kharja ya rama da fanareti bayan cikar minti 90, sannan Bruno Zita Mbanangoyé ya buga bugun tazara can ƙarshen ƙarin lokaci ya mayar da wasan 3-2. A daren nan aka fitar da Maroko daga gasar.

Mutum ɗaya Rohr ya canza, amma aikin mutum uku ko huɗu ya sauya. Masu sharhi na son lambobi, wannan ya ce 4-4-2, wancan ya ce 4-3-3 ko 4-2-3-1, kamar dai lambar ce ke buga ƙwallo. Lambobin suna faɗin inda kowa zai tsaya kafin a busa usur. Tambayar da ke ba koci ciwon kai ita ce wa zai karɓi ƙwallo idan an matse 'yan baya, wa zai riƙe ta, wa zai yi gudu, wa zai koma ya toshe gurbin wanda ya tafi. A wannan dare Gabon ta samu amsar duka huɗun.

Ta je Franceville ta ci Tunisiya 1-0, Aubameyang ne ya sake ci. Sai wasan kwata fainal da Mali a Angondjé ranar 5 ga Fabrairu. Kocin Mali shi ne Alain Giresse, wanda ya riƙe Gabon daga 2006 zuwa 2010, ya san yaran ciki da bai. Mouloungui ya ci wa Gabon, Giresse ya ɗauko dogon ɗan wasan gaba Cheick Diabaté daga benci, shi kuma ya farke ana dab da tashi. Wato da irin maganin da Gabon ta ba Maroko aka kayar da ita. A bugun fanareti Aubameyang kaɗai ya ɓarar, Mali ta wuce da 5-4, aka fita da shi daga fili yana kuka. Mako guda bayan haka Zambiya ta ɗauki kofin a wannan fili, ba nisa da gaɓar tekun da jirgin 'yan wasanta ya faɗa a watan Afrilun 1993.

Ba a sabunta wa Rohr kwantiragi ba. Daga nan aka shiga sauyin koci. Paulo Duarte ɗan Fotugal ya zo, Togo ta hana Gabon zuwa gasar 2013. Jorge Costa, shi ma ɗan Fotugal, ya kai ta gasar 2015 a Ikwatoriyal Gini, ta ci Burkina Faso 2-0, sannan Kongo da mai masaukin baƙi suka doke ta ba ta zura ko ɗaya ba. A cikin waɗannan shekaru Aubameyang ya koma Borussia Dortmund ta Jamus, inda ya fara a gefe kafin a mayar da shi lamba tara, aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2015. Cousin ya yi ritaya, ba a kuma samu magajinsa ba.

Libiya ce aka tsara za ta karɓi gasar 2017, yaƙi ya sa ta janye, aka ba Gabon a watan Afrilun 2015. Ƙasar ta shiga shekarar gasar da raunin zaɓen Agustan 2016 tsakanin Ali Bongo da Jean Ping, wanda bayansa aka cinna wa ginin majalisa wuta, 'yan adawa kuma suka yi kira da a ƙaurace wa wasannin. A cikin wannan hali hukumar ƙwallon ƙasar ta sallami Costa a watan Nuwamba, ta ɗauko José Antonio Camacho a farkon Disamba, saura mako shida a fara. Camacho ba ƙaramin suna ba ne: tsohon mai tsaron baya na Real Madrid, ya kuma jagoranci Sifaniya daga 1998 zuwa 2002. Sai dai rabonsa da aiki tun 2013 da Sin ta sallame shi, bai taɓa horar da wata ƙasa a Afirka ba, kuma yawancin 'yan wasansa suna Turai a bakin aiki har ƙarshen Disamba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kocin da bai san mutanensa ba abu ɗaya ya rage masa, ya tsare baya, ya sa tauraro a gaba, ya yi fatan ƙwallo ta isa gare shi.

A takarda ƙungiyar ta fi ta 2012. Mario Lemina na Juventus, Didier Ndong na Sunderland, Ecuele Manga na Cardiff, ga Ovono har yanzu a raga. Amma 'yan tsakiyar masu ƙarfi ne da ƙwace ƙwallo, ba masu zare ta su miƙa ta tsakanin masu tsaro ba. A Dortmund, inda Aubameyang ya ci ƙwallo 31 a gasar Bundesliga ta wannan kaka, yana da irin su Ousmane Dembélé da Marco Reus suna kawo masa har bakin raga, aikinsa ya ɓace wa mai tsaro ya bayyana a inda ƙwallo za ta sauka. A Angondjé sai ya zama shi ake so ya sauko ya karɓa, shi zai riƙe, shi zai yi gudu, shi zai ci. Aikin da shi da Cousin suka raba a 2012 ya koma kansa shi kaɗai, kuma rabin aikin ba nasa ba ne.

Ranar 14 ga Janairu aka buɗe gasar da Gini Bisau, wadda ba ta taɓa zuwa ba. Denis Bouanga, ɗan shekara 22 da ke wasa a rukuni na biyu a Faransa, ya kawo ƙwallo daga gefe, Aubameyang ya tura ta raga jim kaɗan bayan hutu. Gabon ta ja baya tana tsaron ɗaya, Juary Soares ya farke da ka bayan cikar minti 90. Lemina ya ji ciwo, bai sake bugawa a gasar ba. Ranar 18 ga wata Burkina Faso, wadda Paulo Duarte ke horarwa, ta fara ci ta ƙafar Préjuce Nakoulma daga wata doguwar ƙwallo da ta tarar da bayan Gabon a buɗe. Aubameyang ya samo fanareti da kansa, ya buga da kansa, aka tashi 1-1. Karo na biyu ke nan tsohon kocin Gabon yana tare mata hanya a gidanta.

Ya rage Kamaru, ranar 22 ga wata, kuma sai an ci. A mintunan farko Bouanga ya sake kawo wa Aubameyang ƙwallo a bakin raga, ta kuɓuce masa. Bayan nan Kamaru ta tsare shi tsaf. A ƙarin lokaci Bouanga ya buga ta daki turke, Ndong ya bi ta, gola Fabrice Ondoa ya ture. Canjaras uku, maki uku, ƙwallo biyu, duka na mutum ɗaya. Gabon ta zama mai masaukin baƙi ta farko da aka fitar a matakin rukuni tun Tunisiya a 1994.

Akwai masu cewa rashin sa'a ne, da ƙwallon Bouanga ta shiga da labari ya sha bamban. Gaskiya ne, kuma Burkina da Kamaru ba kanwar lasa ba ne, ɗaya ta zo ta uku, ɗaya ta ɗauki kofin. Amma a dubi Kamarun. Manyan 'yan wasanta da dama, har da Joël Matip, sun ƙi amsa kira. Hugo Broos ɗan Beljiyam, wanda ya fara aiki tun Fabrairun 2016, ya gina ƙungiya da waɗanda suka zo, ya ba kowa aikin da zai iya. A wasan ƙarshe da Masar ranar 5 ga Fabrairu, a wannan fili na Angondjé, Nicolas Nkoulou da Vincent Aboubakar a benci suka fara, su ne kuma suka shigo suka ci biyun da aka ɗauki kofi da su. Broos ya samu wata goma sha ɗaya, Camacho mako shida, kuma a ganina wannan tazara ta fi faɗin turken raga.

Abin da ya biyo baya bai ƙaryata wannan ba. Aka ba Cousin kansa aikin koci a 2018, Burundi ta hana shi zuwa gasar 2019, aka sallame shi. Patrice Neveu ya samu shekaru, kuma a gasar da aka yi a Kamaru a Janairun 2022 annobar korona ta hana Aubameyang da Lemina buga ko wasa ɗaya. Ba tauraron da za a jira, sai kowa ya ɗauki nasa: Aaron Boupendza ya ci Komoros, Jim Allevinah ya farke wa Gabon a wasan Ghana, aka yi 2-2 da Maroko, sai a bugun fanareti Burkina Faso ta fitar da ita a zagaye na biyu. Tun 2012 ba ta taɓa kaiwa nan ba. Wannan ba laifin Aubameyang ba ne, domin shi ya fi kowa ci wa Gabon ƙwallo a tarihi, kuma a Oktoban 2025, yana ɗan shekara 36, ya zura huɗu a ragar Gambiya aka tashi 4-3. Laifin na masu tsarin da ba ya aiki sai ya ci huɗu ne.

Wata guda bayan wasan Gambiya, Najeriya ta doke Gabon 4-1 a Rabat, ta rufe mata ƙofar gasar cin kofin duniya. A gasar Afirka da aka yi a Maroko a Disamban 2025, ƙarƙashin Thierry Mouyouma, Gabon ta sha kashi a hannun Kamaru da Mozambik da Kwaddibuwa, wadda ta farfaɗo bayan an ci ta biyu. Gwamnati ta sanar a talabijin cewa ta rusa tawagar masu horarwa, ta dakatar da ƙungiyar, ta kuma cire Aubameyang da Ecuele Manga, waɗanda duka biyun suna cikin 'yan wasan 2012. Ba a yi mako biyu ba aka janye dakatarwar, aka shiga neman sabon koci.